Mu takwas cikin biro guda

Wallahi yau na sha wuya. Mu takwas ne cikin biro guda, ba bango ba labule. Tun da sahe nike kan rapor ɗaya, da na kama lissahi sai a yi sallama, kuma kun san nan Maradi gaisuwa ba ta ƙarewa sai an tambayi gida da yara da gajiya, ga wayar maƙwabcina tana ta kuka, ga mai ƙosai ya leƙo. Sau ukku ina sake lissahi guda.

Bayan azahar na ce ma Hajiya da ke gehena, don Allah in kin ga ekuter a kunnena ki ba ni awa guda. Ta ce ba komi ɗana. Ita ta tare mini baƙi biyu, kahin la'asar na gama.