Notin da ya karye a Damagaram

Ranar da na fara aiki a gareji a Damagaram, maigidan ya leƙo daga ƙarƙashin mota ya ce, "Bakano, miƙo mini kile duz." Na tsaya ina zare ido a kan akwatin kayan aiki. Shekara goma sha ɗaya ina kanikanci a Kano, amma sai wani yaro da ko gemu bai fara ba ne ya zaro sifana 12 ya miƙa masa. Duk garejin aka kwashe da dariya.

Kusancin ne ya yaudare ni. Daga Kano ka bi ta Daura, ka tsallaka iyaka a Kwangwalam, ka wuce Matamai, wajen kilomita 240 ka shigo gari. Hausa ake yi, tuwo ake ci, kiran salla iri ɗaya, sai na ɗauka unguwa kawai na sauya. Ashe a gareji komai sunan Faransanci gare shi. Fulogi buji ne, kan inji kulas, noti mai tsawo bulon, acaɓa ma a can kabu-kabu ake ce masa. Kuɗi ma da dala ake ƙirga shi, dala ɗaya sefa 5, jika ɗaya sefa 1,000. Wata guda na yi in an faɗi farashi sai na yi shiru ina lissafi da yatsu cikin aljihu. Ruwa kuwa, garin a kan duwatsu yake zaune, nan na koyi wanke hannu da rabin buta.

Ga tsokana. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa tun na kakanni, kullum sai an tuna mini yadda Sarki Amadu Kuran Daga ya kai yaƙi ƙasar Kano. Ina ramawa, amma a raina na ƙudura sai na nuna musu aikin Kano.

Damar ta zo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. An rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, kayan gyaran da muke saro wa daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano suka yi wuyar samu. Ana cikin haka wani Alhaji ya kawo Hilux ɗinsa da ke zirga-zirga a hanyar Tanut zuwa Agadas, tana huci ta wajen manifol ɗin salansa, wato bututun da ke kwashe hayaƙi daga kan inji. Maigida ba ya nan, ya tafi Mirya ta'aziyya. Na ce wannan ai aikin rabin awa ne.

Notunan duk suka kwance sai na ƙarshe, na can kusa da bango. Ya ƙi. Da na yi hankali da na zuba masa mai na tafi na sha shayi. Maimakon haka na zura bututu a sifana don ƙarin ƙarfi, na danna. Na ji ya yi laushi a hannuna, irin laushin da duk bakanike ya san ba alheri ba ne, sai ƙas! Kan ya taho, gindin ya zauna cikin kulas, daidai da fuskar ƙarfen, babu ko abin da filaya za ta kama.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Notin ƙarfe ne, kulas ɗin alminiyom. Wurin yana yin zafi ya huce kullum, shekara da shekaru, tsatsa ta shiga tsakanin haƙoran ta ɗaure su kamar siminti. Na san wannan sarai, gaggawa ce ta rufe mini ido.

Kuma ban tsaya nan ba. Don kada maigida ya dawo ya tarar, na ɗauko dirila na huda ba tare da na fara buga alama a tsakiya ba, ramin ya karkace. Na cusa ɗan ƙarfen nan mai juyin hagu da ake zaro karyayyen noti da shi, na murɗa. Shi ma ya karye a ciki. Wannan kuwa ƙarfe ne mai tauri, bakin dirila na yau da kullum ba ya cin sa. Ga iyaka a rufe, ga kulas ɗin Alhaji.

Da maigida ya dawo ya duba, bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce wa yaron, "Je ka kira Baba mai sudur." Walda ke nan.

Tsoho ne siriri, da gilashin da aka ɗaure da zare. Ya haska wurin da tocila, ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"To zauna nan kusa, ɗana. Cire kan batir tukuna."

Babu wuta, sai da aka tayar da janareto. Ya fara ɗiga walda a kan guntun, ɗigo ɗaya ya dakata, ɗigo ɗaya ya dakata, har ya tashi kamar ƙurji. Ya ɗora washa ya haɗa, ya ɗora noti a kan washar ya cika cikinsa har ya yi jawur. Na ce kada ta kama kulas ɗin. Ya ce waldar ƙarfe ba ta riƙe alminiyom, kuma zafin nan shi ne maganin, yana kumbura guntun, in ya huce ya tsuke sai tsatsar ta farfashe. Na miƙa hannu zan ɗauki sifana, ya buge mini hannu. Ya aika a kawo shayi.

Notin farko da ya ɗora ya ɓalle. Na biyu ma haka. Ko a jikinsa. A na uku ya goga kyandir a gindin tun da sauran ɗumi, ya bar shi ya tsotse, sannan ya ba ni sifanar ya ce, "Kada ka kwance. Girgiza shi kawai, gaba kaɗan, baya kaɗan." Na fi minti goma ina wannan wasan. Can na ji wani siririn ƙara, ƙiii, ya motsa kamar faɗin gashi. Muka ƙara mai, muka ci gaba, har ya fito da karyayyen ƙarfena a tsakiyarsa. Haƙoran ramin mai milimita 8 ba su lalace ba, tsabtace su kawai aka yi.

Na tambaye shi nawa zan bayar. Ya ce jika biyu, amma tunda Bakano ne, sai na haɗa da goro don a manta da na Kuran Daga.

An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, na je gida ganin tsohuwa. Ina zaune a garejinmu na da, wani yaro yana kokawa da noti da bututu a hannu, ban san sanda na ce masa ya ajiye ya miƙo mini kile duz ba. Ya tsaya yana kallona.