Godiyar Baba Mai Badujala bayan bikin yaye ɗalibai

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, an yi biki an tashi lafiya, baƙi sun koma gidajensu, yara sun tafi hutu. Tun ranar Asabar waya ba ta huta ba, wannan ya ce barka, wancan ya ce "Baba, ka yi ƙoƙari". To, gara in faɗi gaskiya tun kafin yabon ya zauna mini a kai: daga farkon taron har ƙarshensa ban busa ko sau ɗaya ba. Hannu kawai na ɗaga. Yaba kyauta tukwici, shi ya sa na zauna in mayar da yabon wurin masu shi.

Ba zan ambaci sunan makarantar ba, ba kuma zan ambaci na yaran ba. 'Ya'yan mutane ne a makarantar kwana, kuma a wannan zamani ba a tallan inda 'ya'ya mata suke kwana. Duk wanda ya karanta zai gane kansa.

Ga wanda bai san ni ba, shekara 35 na yi a badujalar 'yan sanda, daga 1984 zuwa 2019. Na tashi a birnin Zariya ina jin kakaki da algaita a ƙofar fada daren Juma'a, amma gidanmu ba gidan mabusa ba ne, sai da na sa kaki na riƙe ƙaho. Bayan na yi ritaya aka neme ni in riƙa zuwa wata makarantar 'yan mata sau biyu a mako, Talata da Asabar, ina koyar da busa. Ni ba malamin makarantar ba ne. Ba ni da kujera a ɗakin malamai, in na je a biya ni, in ban je ba babu. Yaran ne suka raɗa mini Baba Mai Badujala, sunan ya bi ni har tasha.

Mako biyu bayan ƙaramar Sallah na tashi sallar asuba. Ina alwala, na guntsi ruwa zan kurkure baki, sai ruwan ya zubo ta gefen hagu. Na sake, ya sake zuba. Na wanke fuska, idon hagu ya ƙi rufuwa. Uwargida ta haska ni da tocila ta yi salati, don bakina ya karkace gefe guda. Kafin hantsi an cika zaure, masu cewa aljani ne ya mare ni sun fi yawa, har an fara kawo hayaƙi da abin shafawa. Babbar 'yata ce ta tsaya kai da fata sai an tafi asibiti a ranar. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki.

Likita ya ce in ɗaga gira, ta dama ta ɗagu, ta hagu ko motsi. Ya sa na ɗaga hannaye, na taka, na yi magana, ya auna jini, sannan ya ce in kwantar da hankali, wannan ba shanyewar ɓarin jiki ba ce, jijiyar da ke motsa naman fuska ce ta kumbura. Ya yi mini bayani cewa a shanyewar ɓarin jiki galibi goshi yana ci gaba da motsi, a wannan kuwa har goshin yake tsayawa, kuma maganin kumburin ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku na farko. Da na zauna a zaure ina shaƙar hayaƙi da kwanakin sun wuce. Aka ba ni ƙwayoyi da maganin ɗigawa a ido, aka ce in riƙa manne idon da filasta in zan kwanta don kada ya bushe. Ya ce yawancin masu wannan larura suna warkewa cikin watanni. Na gode, likita. Na gode wa ma'aikatan sashen gashi da suka koya mini motsa fuska a gaban madubi, duk da na fi kowa ƙorafi a layin.

Wanda ba ya busa zai ce ai da sauƙi, tunda ƙafa da hannu lafiya. Amma sautin ƙaho ba daga ƙarfen yake fitowa ba. Leɓɓa ne suke karkarwa a cikin ɗan kofin da ake sa wa a baki, ƙarfen ya ɗauki karkarwar ya ƙara mata ƙarfi. Gefen baki biyu su ne suke riƙe leɓɓan kamar yadda tsarkiya ke riƙe fatar kalangu. In gefe ɗaya ya saki, iska ta nan za ta gudu. Na kulle kaina a ɗaki na gwada tirampet ɗina, abin da ya fito sai ka ce tayar keke ta yi faci. Na mayar da shi akwati, na daɗe zaune.

Talatar da ta biyo baya na je wurin Hajiya shugabar makaranta da niyyar sallama. Na ce ta nemi wani, biki saura wata uku, mabushin da ba ya busa ba shi da amfani. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "Baba, koyarwa muka ɗauke ka, ba busa ba. In an ba ka hutun mako biyu ya isa?" Ta kuma ƙara mini kuɗin mota ba tare da na roƙa ba, ta san yadda kuɗin mota ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Hajiya, ranar ban iya godiya yadda ya kamata ba, bakin ma bai ba ni dama ba. Allah ya saka da alheri, ya jiƙan magabata.

Ina cikin wannan sai ga wata sabuwa. Ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da tsohon taken ƙasa, wanda aka yi amfani da shi daga 1960 zuwa 1978. Taken da yaran suka shekara biyu suna goge shi, wanda marigayi Ben Odiase, tsohon shugaban badujalar 'yan sanda, ya yi wa kiɗa, wanda ni kaina na busa a fareti fiye da yadda zan iya ƙirgawa, an ajiye shi a rana ɗaya. Ra'ayina a kan wannan canji na bar shi a cikina. Abin da ke gabana shi ne ba a buɗe taro sai da take, 'yan aji shida da suka fi ƙwarewa suna cikin jarrabawar WAEC, NECO na biye, ga hutun babbar Sallah a tsakiyar Yuni. Da na ƙirga, atisaye goma sha ɗaya ya rage mini, da yara goma sha tara waɗanda mafi yawansu 'yan aji uku da aji huɗu ne.

Muryar tsohon taken tana kaina tun firamare, mun rera shi a filin taro muna yara. Amma murya ɗaya ba ta isa badujala, kowane ƙaho da nasa layin. Wani abokin aikina na dā, wanda muka yi zaman bariki tare, shi ya zauna ya rubuta layin tirampet da na tirombon da na yufoniyom da na tuba, ya ɗauki hoto ya turo mini ta WhatsApp, ni kuma na mayar da su do-re-mi a kan allo, don da shi yaran suka saba. Oga, ka ce kada in gode maka a bainar jama'a. Ban ambaci sunanka ba, saboda haka ban saɓa ba.

A nan ne na ga abin da ya ba ni kunya. Koyarwata irin ta bariki ce: in busa, in ce "yi haka", in ba a yi ba in ɗaga murya. Yanzu babu busa, muryar ma ba ta fita sosai. Dole na koma bayani. A cikin maɓallai uku da ake dannawa a jikin tirampet, na biyu yana sauke sauti rabin taki, na farko taki ɗaya, na uku taki ɗaya da rabi, saboda kowanne yana ƙara wa iska tsawon hanya, kuma haɗuwarsu bakwai ita ce dai wurare bakwai da mai tirombon take tsayar da sandarta. Shekara biyu ina tare da su ban taɓa faɗa musu wannan ba. Wata 'yar aji uku ta ɗaga hannu ta ce, "Baba, ashe lissafi ne." Daga ranar ta daina haddar yatsu, ta koma nemo sautin da kanta.

Abu na biyu ya fi ciwo. Duk taron da muka yi a baya ina tsaye a gefe da tirampet ɗina ina jan gaba, ina ganin taimaka musu nake yi. Ashe rufe su nake yi. Ba wanda ya taɓa jin ainihin sautinsu, har ni. Da na yi shiru sai na ji masu tirampet suna jiran wani ya fara su bi, na ji mai tuba tana da kunne fiye da kowa a wurin, na ji wata mai konet da nake yi wa kallon mai rauni ashe tsoron muryata take yi. Ita kuwa 'yar aji huɗu mai tirombon, wadda ta zama bakina a waɗannan makonni, in na yi guɗa da hanci ta busa wa saura su ji, daga baya na samu labarin ta daɗe tana tara ƙanana a bayan ɗakin kwana bayan la'asar suna atisaye da kofin baki kawai, ba ƙaho, don kada a ji. 'Yata, Allah ya yi miki albarka. Abin da kika yi aikin saje ne, kuma na ga sajen da bai kai ki ba.

Malama mai kula da ɗakunan kwana, ke ce dokar makaranta ta ɗora wa zama a duk atisayen da namiji baƙo zai yi. Shekara biyu kina kan benci da littafin makinki, kina jin abin da ba ya sauraruwa, don sabon mabushi sai ka ce an taka jaki. Ke kike rabon man kaɗanya lokacin hunturu in leɓɓa sun tsage, ke kika sassauta mana lokaci da azumi. Bayan sace ɗaliban makaranta da aka yi a Kuriga a watan Maris na 2024 aka ce kowane baƙo ya fita kafin biyar da rabi, ke kika roƙa aka ba mu rabin sa'a daga lokacin cin abincin rana don kada atisaye ya ragu. Na gode, na gode. Baba maigadi, kullum sai ka buɗe akwatin ƙahona ka leƙa ko da ka san abin da ke ciki. Da farko na ji haushi, yanzu na ce ka ci gaba.

Kayanmu tsofaffi ne. Yufoniyom ɗinmu yana yoyon iska a gwiwa, mai gyaran lagireto na bakin tasha ya liƙe shi da dalma, ya ce bai taɓa gyara abin da ke kuka ba, ya ƙi karɓar ko sisi. Mata masu girki sun ba mu ruwan ɗumi da bahon wanki muka wanke ƙahoni, sun kuma yarda da ni da na ce ɗumi, ba tafasasshe ba, don ruwan zafi yana ɗaye shafen jikin tagulla. Tubarmu kuwa ta mutu murus saura kwana goma, 'yan badujalar matasa na wata majami'a suka ara mana tasu, shugabansu ya kawo ta da kansa a bayan Keke Napep yana rungume da ita kamar jinjiri. Allah ya bar zumunci. Shi kuwa mai shagon da ya sayar mini da man keken ɗinki a kwalbar man maɓalli, har maɓallan tirampet uku suka daskare ana saura mako guda, na yafe, amma ba zan koma ba.

Iyaye, na san ba kowa ya so ba. A wurinmu busa ta maza ce, ta gidan sarki ce, kakaki ma ba a busa wa kowa sai mai sarauta. Akwai uban da ya tare ni ranar ziyara bara ya ce shi bai kawo 'yarsa ta zama maroƙiya ba, akwai uwar da ta tambaye ni a asirce ko leɓen yarinya zai yi kauri. Ba ya yi, Hajiya, na sake faɗa. Shi wannan uban na hango shi ranar Asabar ya bar kujerarsa ya matso gaba da waya a hannu. Alhaji, ban ce komai ba, godiya kawai nake yi da ka bar ta.

Ranar bikin an tashi da hadari, aka yi yayyafi, ƙahoni suka yi sanyi, kuma ƙaho mai sanyi sautinsa sauka yake yi. Na ce kowa ta sa kofin bakinta a tafin hannu ta riƙa hura iska mai ɗumi cikin ƙahon har a kira mu. Da aka ce a miƙe, na ɗaga hannu, sautin farko na babbar mai tirampet ya fashe. Kowa ya ji. A dā nan take zan sa nawa in rufe. Wannan karon babu abin rufewa, na dube ta kawai, ta ja numfashi ta kama layi na biyu daidai, tuba ta riƙe ƙasa, saura suka hau. Suka kai ƙarshe tare. Tsofaffin da ke rumfar manyan baƙi, waɗanda suka san taken tun suna yara, su suka fi rerawa da ƙarfi. Idona na hagu dama yana zubar da ruwa tun da larurar ta same ni, saboda haka ba wanda ya tambaye ni komai.

Uwargida, ke kika riƙa manna mini filasta kowane dare, kika jure fushin mutumin da aka raba da abin da ya iya. Godiyarki ba ta Facebook ba ce, za mu yi ta a gida.

Masu tambayar jiki, da sauƙi sosai. Gira tana ɗaguwa, ido yana rufuwa, ina shan shayi ba ya zuba. Shekaranjiya na riƙe sauti ɗaya na daƙiƙa takwas kafin gefen bakin ya saki. In Allah ya kai mu Satumba zan dawo ranar Talatar farko. 'Yan aji huɗu, ku ne manya yanzu, kowa ta zo da sabuwar yarinya ɗaya. Tubar aro zan mayar wa masu ita jibi, saboda haka duk wanda ya san inda wata tsohuwar tuba take kwance a sito, ko ta lotsa, ya yi mini magana, mai lagireto ya ce yana nan.