Kwana Goma Kafin Hutu: Yadda Muka Ƙirga Ƙarshen Shekara a Ajin Yara Ƙanana

Duk wanda ya taɓa koyar da yara 'yan shekara 5 zuwa 6 ya san cewa makonnin ƙarshe na shekarar karatu suna da wani hali nasu na daban. An gama gwaje-gwaje, manhaja ta zo ƙarshe, malama tana fama da cike takardun sakamako, su kuwa yaran, duk da cewa ba su iya karanta kalanda ba, sun riga sun shinshino cewa wani abu yana shirin canzawa. Yaron da ya shekara yana zaman lafiya sai a ga ya fara tsokana, yarinyar da ta daina kuka tun zangon farko sai ta koma riƙe hannun mahaifiyarta a bakin ƙofa. A irin wannan yanayi ne na fara gwada ƙirga kwanaki da jigo, wato a ba kowace rana daga cikin ranakun da suka rage wani abu nata na musamman, ana rage lamba ɗaya kullum har a kai ranar rufe makaranta.

A shekarar farko na ɗauko tsarin ne yadda na gan shi a wurin malaman Amurka, inda ya yi fice: kwana 26, kowace rana da harafi ɗaya daga haruffan Turanci, daga A har zuwa Z. A takarda abin gwanin ban sha'awa ne, domin yana maimaita wa yara haruffan da suka koya, amma ban tsaya na lissafa cewa kwana 26 na makaranta sun haura mako biyar ba. Kafin mu kai harafi na goma na riga na gaji liƙis, ga kuma haruffa irin su Q da X da sai na yi ta kame-kame kafin in samo musu jigon da yaro zai gane. Na ɗauko Dala ba gammo, kuma babu wanda ya ɗora mini sai ni kaina.

Gajiyar ba ita ce ta fi damuna ba idan na tuna wannan shekara. Na rubuta wa iyaye doguwar takarda mai ɗauke da abin da yaro zai zo da shi kowace rana: yau hula mai ban dariya, gobe safa kala biyu, jibi abin wasan da ya fi so. Ranar hula yara uku suka zo haka nan. Biyu ba su damu ba, amma na ukun ya shige ƙarƙashin tebur ya ƙi fitowa, sai da mataimakiyata ta zauna a ƙasa kusa da shi ta naɗa masa hular takarda kafin ya yarda ya ɗago kai. Iyayensa ba su yi laifin komai ba. Mutane ne masu fita aiki da sassafe, takarda kuma ta ɓace a cikin jaka kamar yadda takardun yara suka saba ɓacewa. Kuskuren nawa ne, tunda na rataya farin cikin yaro a kan abin da ba shi da iko a kansa. Tun daga ranar na yanke wa kaina hukunci cewa duk jigon da yake bukatar a zo da wani abu daga gida ba zai sake shiga jadawalina ba, idan ana son hula to a aji za a yi ta da kwali da gam, kowa ya yi tasa.

Kuskure na biyu sai da aka nuna mini shi. Na riƙa mayar da ranar gaba ɗaya ta koma ta jigo, na rushe lokacin zaman da'ira na safe, na matsar da lokacin labari, wani lokacin ma har da lokacin hutawa. Faɗa ya yi yawa, kuka ya yi yawa, ni kuma ina ta mamakin yadda yaran da nake wahala domin in faranta musu suke ƙara rikicewa. Wata rana bayan an tashi mataimakiyata ta ce da ni, "Malama, yaran nan fa ba su san abin da zai biyo bayan wani ba yanzu, shi ya sa." Gaskiyarta. Ƙaramin yaro ba ya duba agogo, jerin abubuwan da ya saba yi shi ne agogonsa, kuma na ƙwace masa shi a daidai lokacin da hankalinsa ya riga ya fara tashi saboda rabuwar da ke tafe.

Da shekara ta zagayo na rage kwanakin zuwa 10, na bar jadawalin yau da kullum yadda yake ba tare da na taɓa ko minti ɗaya ba, jigon ranar kuma na ba shi gurbi guda na kimanin minti 40 bayan an dawo daga wasan waje. Da farko na yi niyyar amfani da balan-balan, a saka takardar jigo a ciki a fasa kowace safiya, amma gwaji ɗaya ya ishe ni: ƙarar ta firgita yara biyu, ga kuma guntayen robar da suka warwatsu, waɗanda haɗari ne idan ƙaramin yaro ya kai su baki. Sai muka koma ga sarƙar takarda mai zobe goma, kowane zobe da lambarsa a waje, da zanen jigon ranar a ciki, muka rataye ta a gefen allo inda kowa zai gani.

Wannan sarƙa ta koya mini abin da ban zata ba game da lissafin yarana. Akwai waɗanda suke ƙirga har 30 ba gargada, amma da na ce mu fara daga goma mu sauko, sai harshe ya sarƙe a tsakanin takwas da shida, domin ƙirgen gaba sun haddace shi kamar waƙa, na baya kuwa sai an yi tunani. Kowace safiya nakan tambaye su: jiya zobe bakwai ne, yau mun yanke ɗaya, saura nawa? Wasu sai sun tashi sun taɓa zobban ɗaya bayan ɗaya daga farko, wasu kuma nan take suke cewa shida, kuma daga wannan bambanci kaɗai na san wanda ya fara kama ma'anar debewa da wanda yake bukatar ƙarin lokaci. Hutun ƙarshen mako ma ya jawo muhawara, don wani yaro ya dage cewa an cuce su, sun yi barci sau uku amma zobe ɗaya kawai aka yanke. Sai da muka ɗauko kalanda muka yi wa ranakun makaranta alama kafin ya sauko, kuma ina ganin bai gamsu sosai ba.

Maganar cuta ta tuna mini da rabon aiki. Zobe goma ne, yara kuma sun haura ashirin, kuma babu alƙalin da ya kai ɗan shekara biyar tsanani a kan wanda aka ba da wanda aka hana. Na raba aikin kowace safiya gida uku, mai yanka da almakashi, mai faɗin lamba, da mai nuna wa aji zanen da ke ciki, na kuma rubuta sunayen tun ranar farko na liƙa a bango domin kowa ya ga ranarsa tana zuwa.

Wasu jigogin ba su da wani dogon labari. Mun haɗa launuka, yara suka ga shuɗi da rawaya sun zama kore suka yi ta ihu kamar an yi dabo. Mun yi gini da kwalayen da aka gama amfani da su. Mun rufe tagogi mun karanta labari da tocila a ƙarƙashin bargo. Ranar kumfar sabulu na yi gangancin farawa a cikin aji, ƙasa ta yi santsi, dole muka kwashe muka fita waje.

Ranar inuwa ita ce nake maimaitawa kowace shekara ba tare da na canza mata komai ba, kuma ita kaɗai ce na yarda ta ɗan wuce gurbinta. Da safe muka fita fili, yara suka kasu biyu-biyu, ɗaya ya tsaya ɗaya ya zana inuwarsa da alli, muka kuma zagaye sawun ƙafar kowa domin ya dawo daidai inda ya tsaya. Da rana ta kusa take tsaka muka koma, kowa ya taka sawunsa, sai ga inuwar ta gajarce ta kuma karkata wani gefen. Wani yaro ya dube ni da fuskar tuhuma ya tambayi wanda ya rage masa inuwa. Ban ba shi amsa ba, na ce ya nuna mini inda rana take ɗazu da inda take yanzu, kuma kafin mu koma aji wata yarinya ta riga ta gano cewa inuwa kullum tana gudun rana ne. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya raɗa wa irin wannan aji suna a 1840 a garin Bad Blankenburg, kalmar da ya zaɓa ita ce Kindergarten, ma'anarta lambun yara, kuma a irin wannan rana ce nake jin cewa sunan ya dace da abin da muke yi.

Daga wannan tunani na lambu ne na ƙara wani abu da ya ratsa kwanakin goma duka. A rana ta farko kowane yaro ya saka ƙwayar wake a cikin kofin roba mai nuna ciki, da jiƙaƙƙiyar auduga, aka rubuta sunansa aka jera a taga. Bayan 'yan kwanaki saiwa ta fara leƙowa, ita ce take fara fita kuma ƙasa take nufa ko ta yaya aka ajiye ƙwayar, daga baya tsiron ya miƙe sama. Sarƙa tana gajarcewa a gefen allo, tsiro yana tsawo a taga. Na shuka wasu kofuna na ajiya a ɓoye, domin na san ba kowace ƙwaya ce take fitowa ba, kuma ban shirya sake ganin yaro a ƙarƙashin tebur ba.

Saura zobe biyar wata yarinya mai yawan shiru ta zo ta tsaya kusa da kujerata ta ce, "Malama, idan sarƙar ta ƙare, ke ma kin ƙare?" Na ɗan jima kafin in gane abin da take nufi. A tunaninta, ranar da aka yanke zoben ƙarshe makaranta za ta rufe har abada, ni in ɓace, ƙawayenta su watse. Sai na tuna yadda nake faɗa kullum cikin murna cewa saura kaɗan mu huta, kamar wadda take ƙirga ranar fita daga kurkuku, alhali ga wasu yaran wannan ɗaki shi ne wurin da suka fi sabawa da shi bayan gidajensu. Washegari na canza lafazina, na koma cewa saura kwana huɗu ku zama 'yan ajin farko na firamare, na kuma sauya jigon ranar muka kai ziyara ajin da za su shiga. Sun zauna a kan kujerun, sun gaisa da malaminsu na baɗi, sun ga inda za su rataye jakunkuna da inda banɗaki yake, kuma na nuna musu cewa daga ƙofar sabon ajin ana hango ƙofar nawa. Da zan sake tsarawa, da wannan ziyara zan buɗe ƙirgen.

Kwanaki ukun ƙarshe na bar su su yi sanyi da gangan. A na uku muka wanke kayan wasa muka jera littattafai domin ƙannen da za su gaji ajin, aikin da na zaci za su ƙi amma suka yi shi da alfahari irin na manya. A na biyu na fito da takardun da kowa ya rubuta sunansa a makon farko na shekara, na ba su sababbi suka sake rubutawa, muka ajiye su kafaɗa da kafaɗa. Wasu suka rantse cewa tsohuwar takardar ba tasu ba ce.

Ranar ƙarshe babu zane a cikin zoben. Mun yi zaman da'ira yadda muka saba, mun yi waƙoƙin da suka zaɓa, kowa ya ɗauki kofin tsironsa. Da aka yanke zobe na ɗaya, ƙusar da sarƙar take rataye ta rage ita kaɗai a bango, na tambaya saura nawa, suka amsa da ƙarfi cewa sifiri. Yarinyar nan mai shiru ta roƙi in ba ta guntun takardar, na ba ta, ta ninke shi ta saka a aljihu, sannan ta tambaye ni ko za ta iya leƙowa ta gaishe ni idan an dawo hutu. Na ce mata ƙofar tana nan inda na nuna mata.