Rumbun da ke da ƙofar shiga babu ta fita: hukumar NFA da shinkafar Filifin

A Filifin shinkafa ce abincin safe da rana da dare, kuma tun 1972 aka kafa hukumar gwamnati da ta riƙe linzamin kasuwarta har zuwa 2019. A 1981 aka raɗa mata sunan da take amsawa yanzu, NFA, wato hukumar abinci ta ƙasa. A wancan lokacin ita ke yanke yawan shinkafar da za a shigo da ita, ita ke bai wa 'yan kasuwa takardar izini, ita ke yi wa masu casa da masu sito rajista, sannan tana saye a hannun manoma tana sayarwa a kasuwa. Alƙali ce, kuma tana cikin 'yan kokawa.

Lissafinta ba ya fita. Ta daɗe tana sayen kilo na shanshera a feso 17 (feso shi ne kuɗin Filifin), tana sayar da gyararriya a feso 27 da 32. Kilo 100 na shanshera idan an casa ba ya wuce kilo 63 zuwa 65, wato tun kafin a biya mai inji da direba da mai gadin sito, kilo guda ya riga ya tashi wajen feso 26. Giɓin da bashi ake cike shi, har bashin ya haura feso biliyan 170 a 2010. Sai ga 2018: an makara wajen odar shinkafar waje, rumbun hukumar ya kusa zama wayam, wadda ta iso kuma aka samu ƙwari a cikin wata, hauhawar farashi ta kai kashi 6.7 cikin 100 a watan Satumba. Dama rangwamen da ƙungiyar ciniki ta duniya WTO ta yi wa ƙasar na taƙaita shigo da shinkafa ya ƙare tun Yunin 2017.

A Fabrairun 2019 Shugaba Duterte ya sa hannu kan doka mai lamba 11203. Aka soke ƙayyade adadi, aka ce duk mai kuɗi ya shigo da shinkafa, ya karɓi takardar lafiyar tsirrai daga ma'aikatar gona, ya biya kwastam kashi 35 cikin 100 idan daga maƙwabta na ASEAN, ƙungiyar ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, ta fito, irin su Biyetnam da Tailan. Daga kuɗin fiton aka ware feso biliyan 10 duk shekara, na tsawon shekara shida: rabi na injunan noma, kashi 30 na iri, kashi 10 na rance, kashi 10 na horar da manoma. Abin da ya haura haka aka riƙa rabawa masu gonar da ba ta wuce hekta biyu ba, feso 5,000 kowa.

NFA kuwa aka fige ta. Babu shigo da kaya, babu ba da izini, babu duba sito, babu sayarwa a kasuwa. Aiki ɗaya aka bar mata: ajiyar ko-ta-kwana, daga manoman gida kaɗai, don a fitar idan bala'i ya afku. Ƙwace mata ikon ba da izini daidai ne a ganina, domin duk inda takarda ɗaya ta zama ita ce mabuɗin riba, sai an yi cinikin takardar a bayan fage. Inda aka yi sakaci shi ne rumbun.

An ƙayyade ajiyar a kan abincin ƙasa na kwana tara, kusan tan 300,000, buhu miliyan shida ke nan na mai kilo 50. Kafin a samu wannan sai an sayi shanshera wajen tan 470,000. Babbar kakar shinkafar Filifin tana faɗowa daga Oktoba zuwa Disamba, lokacin da ruwa da guguwa ba su gama janyewa ba. Shanshera na fitowa daga gona da danshin kashi 22 zuwa 26, ita kuma ba ta ajiyuwa sai ta sauka zuwa 14. Idan ta yi kwana ɗaya zuwa biyu a tsibe a jiƙe, tsibin zai ɗau zafi, ƙwayar ta yi rawaya, ta yi fumfuna, ta riƙa karyewa a inji. Farashi mai kyau na hukuma na busasshiya ne. Manomin da ba shi da injin busarwa, wanda shimfiɗa ta yake yi a gefen kwalta yana kallon hadari, ba zai iya jira ba, dillalin da ya zo da mota da kuɗi a hannu shi zai kwashe. Shi ya sa a 2019, da shinkafar waje kusan tan miliyan uku ta kwararo, farashin shanshera ya rikito daga sama da feso 20 zuwa wajen 15, jiƙaƙƙiya ma ƙasa da haka nesa, hukumar kuma ba ta iya tare faɗuwar ba.

Sai kuma matsalar fitarwa, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Shanshera a cikin ɓawonta tana jure ajiya, amma da zarar an casa, bayan 'yan watanni ƙwari da wari za su kama ta. Rumbun ko-ta-kwana dole ya riƙa juyawa: tsohuwa ta fita, sabuwa ta shiga, wadda ta riga shiga ita za ta riga fita. To idan an hana ka sayarwa a kasuwa, kuma bala'in bai zo da girman da zai cinye kayan ba, ina za ka kai? A Maris 2024 aka dakatar da jami'an hukumar 139 bisa zargin sayar wa wasu 'yan kasuwa tsohuwar ajiya ba tare da gwanjo ba. Kafin nan, a 2023, da Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta wadda ba basmati ba farashi ya tashi, gwamnati ta rasa shinkafar da za ta zuba kasuwa, sai Shugaba Marcos ya ƙayyade farashin kilo a feso 41 da 45. Wata guda aka yi aka janye.

Daga nan aka shiga faci. A tsakiyar 2024 aka sauke kuɗin fito zuwa kashi 15. A Disamba doka mai lamba 12078 ta ɗaga kuɗin nan da ake ware wa manoma zuwa feso biliyan 30 duk shekara har 2031, ta mai da ajiya ta kwana 15, ta kuma buɗe hanyar fitar da kayan rumbu idan an ayyana dokar-ta-ɓaci kan abinci. A Fabrairun 2025 aka ayyana ta, aka fara miƙa wa ƙananan hukumomi shinkafar NFA su sayar, kuma ɗaya daga cikin dalilan da ma'aikatar gona ta bayar shi ne sito ya cika, babu inda za a zuba amfanin kaka mai zuwa. Farashin shanshera ya sake faɗuwa a wannan shekarar, har a farkon Satumba gwamnati ta dakatar da shigo da shinkafa na kwana 60, daga baya ta tsawaita shi.