Godiya ga waɗanda suka tsaya har aka sako fatakenmu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, ƴan uwanmu fatake da jami'an shige da fice suka tsare a ɗaya daga cikin iyakokin hanyar Legas zuwa Gana sun fito, kowa ya koma cikin iyalinsa lafiya.

Muna godiya ga Sarkin Zango da dattawansa da suka tsaya musu, da matan zango da suka riƙa aika abinci safe da yamma. Allah Ya saka wa malamin da ya yi tafinta da alheri, domin shi ya hana su sa hannu a kan takardar da aka rubuta da Faransanci kafin a karanta musu ita. Haka ma'aikatan ofishin jakadancinmu. Yarjejeniyar Vienna ta 1963, sashe na 36, ta bai wa baƙon da aka tsare haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, amma fa sai ya nema da bakinsa. Da aka nema, sun zo.

Ga abin da ya jawo tsarewar. Yarjejeniyar ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta 1979 ta yarda ɗan yankin ya shiga wata ƙasar ƙungiyar ba biza har kwana 90, amma da sharaɗin ya riƙe takardar tafiya mai aiki da shaidar rigakafi. Daga Legas zuwa Accra iyaka uku ce: Seme, Hilakonji, sai Aflawo. A kowace ana buga hatimin fita da na shiga, shida ke nan. Mutanenmu sun tattara fasfo sun ba ɗan kamasho, ya dawo da wasu babu hatimin shiga. A iyaka ta gaba jami'i ya buɗe bai ga ranar shigowa ba, kuma a wurinsa wanda ba shi da hatimi ta ɓarauniyar hanya ya shigo. Don Allah kowa ya riƙe fasfonsa, ya duba hatimin da kwanan watan kafin mota ta tashi.

Sai katin rigakafin shawara. Ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10, don haka wanda aka yi wa ana gobe tafiya kamar bai yi ba. Tun 2016 allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa.

Wanda ya fi daɗewa a hannu shi ne dattijon da ya tafi da ɗan ƙanensa babu takardar haihuwa, babu wasiƙar amincewar iyaye. Zargin safarar yara aka yi masa, kuma ba mu ga laifin jami'an a nan ba. Sai da mahaifin yaron ya aiko da takardun aka sake shi.

Ga direban da ya ƙi tafiya ya bar fasinjojinsa, ya kwana a bakin iyaka da asarar lodinsa: Allah Ya mayar maka da ninkinsa, Ya tsare maka hanya. Amin.