Abin da na gani da na yi wa ɗan takara yawon ƙofa-ƙofa a Bronx

Zaɓen fidda gwani na magajin garin Niyok a 2021 shi ne na yi aikin sa kai a cikinsa, muna bin gida-gida a Bronx, ɗaya daga cikin gundumomin birnin, muna ƙwanƙwasa ƙofa. Kafin ka fita za a tura maka jerin sunaye a waya, kuma ba kowane gida ba ne, sai na wanda ya yi rajista da jam'iyyar Dimokurat kuma ya saba fita zaɓe. Nan fa abin ya fara damuna, don sai in shiga bene mai hawa shida cike da mutanenmu, 'yan Gana da Nijar da Gini da Gambiya, kana jin ƙamshin miya tun daga matakala, takalma jere a bakin ƙofa, amma ƙofa biyu ko uku kaɗai ke cikin jerin.

Wani dattijo ya ce min, ɗana ai ina da fasfo, a Nuwamba zan jefa. Na ce Baba, a garin nan wanda ya ci na fidda gwanin Dimokurat a watan Yuni kusan shi ne magajin gari, kuma in ba ka yi rajista da jam'iyya ba, ba za a ba ka takardar wannan zaɓen ba. Shekaru yana garin ba wanda ya taɓa faɗa masa.

Da sakamako ya fito, taswirar kamar an bi launin fata an shafa fenti. Eric Adams, baƙar fata, tsohon kyaftin ɗin 'yan sanda, ya kwashe unguwannin baƙaƙe na tsakiyar Buruklin da kudu maso gabashin Kwins da yawancin Bronx. Kathryn Garcia ta ci Manhatan inda fararen masu hali suka fi yawa, Andrew Yang kuma ya yi ƙarfi a unguwannin 'yan Asiya irin su Flushing. A shekarar aka shigo da tsarin da mai zaɓe zai jera 'yan takara har biyar bisa yadda ya fi son su, da aka gama lissafi Adams ya tsira da ratar ƙuri'a dubu 7 da 'yan kai kacal a kan Garcia.

To amma a bakin ƙofa ban cika jin maganar launi ba gaskiya. Kuɗin haya, harbe-harbe da dare, jirgin ƙasa, makarantar yara, su ne a bakin kowa. Unguwa ce ta rabu da launi tun asali, matsalar ma ta bi unguwa, ƙuri'a ta bi matsala. Kuma wannan "baƙar fata" da ake tara mu a ciki ba abu ɗaya ba ne, damuwar direban tasi ɗan Agadas daban da ta tsohuwar da aka haifa a Harlem.

Ƙuri'a dubu 7 fa jama'a! Masallatanmu na Bronx kaɗai in aka tashi tsaye ba za a raina mu ba. Shi ya sa yanzu na bar bin jerin kowa, bayan sallar Juma'a nake ajiye tebur da fom ɗin rajista, in nuna wa mutum inda zai cika jam'iyya, wanda bai iya Turanci ba mu cika tare.