Yadda Nake Karanta Labaran Sihiri da na Bin Diddigi na Matasa

Na daɗe ina karanta littattafan da ake rubutawa da Turanci domin matasa 'yan shekara 12 zuwa 18, ko da yake na wuce waɗannan shekarun tuntuni, kuma iri biyu ne suka fi riƙe ni: labaran sihiri da duniyoyin da babu su, da labaran bin diddigin laifi masu hana ido barci. Yawancinsu a wurin masu sayar da littattafan gwanjo nake samunsu, wani bangonsa ya yage, wani kuma da sunan tsohon mai shi a shafin farko. Abin da na fahimta a hankali shi ne, iri biyun nan, duk da bambancin da ke tsakaninsu, a kan abu ɗaya suka dogara, wato amanar da marubuci ya ɗaukar wa mai karatu cewa ba zai karya dokar da shi da kansa ya kafa ba.

A tatsuniya babu mai tambayar dalilin da ya sa dabba ta yi magana, haka nan wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, bai damu da neman ƙa'idar abubuwan mamakin da ke cikinsa ba, domin daɗin labarin a bakin mai ba da shi yake. Littafi mai shafi ɗari huɗu kuwa ba ya tsayuwa a haka. Idan sihiri zai iya warware kowace matsala, to, babu abin da zai sa gabana ya faɗi saboda jarumin labari. Shi ya sa abu na farko da nake nema shi ne iyakar sihirin da kuma abin da mai yin sa yake biya. A jerin Harry Potter, wanda ya fara a 1997 ya ƙare da littafi na bakwai a 2007, sihiri ba ya dawo da matacce, kuma wannan doka ita ce ta ba kowace mutuwa a labarin nauyinta. A Akata Witch na Nnedi Okorafor, wanda ya fito a 2011, jarumar wata yarinya ce zabiya da aka haifa a Amurka take zaune a Aba, kuma kuɗin duniyar matsafan ba ya samuwa sai idan mutum ya koyi wani sabon abu, a nan ne yake zubowa a gabansa. A ganina wannan ƙa'ida ta fi yawancin waɗanda na ci karo da su kyau, domin ta sa ilimi ya zama dukiya a zahiri.

A littafin farko na Harry Potter ne na ga yadda labarin sihiri yake aron ƙashin bayan labarin bincike. Ana cikin wani wasa da 'yan makarantar sihiri suke yi a sama bisa tsintsiyoyi masu tashi, sai tsintsiyar da Harry yake hawa ta fara ƙoƙarin kayar da shi, abokiyarsa kuma ta hango wani malami da kowa yake zargi yana ta motsa baki, ta ruga don ta hana shi, a hanya ta bangaje wani malamin daban ya kife. Marubuciyar ta ambaci bangazar nan a jimla ɗaya ta wuce. Sai a ƙarshe mai karatu yake gane cewa wanda aka bangaje shi ne mai mugun aikin, wanda ake zargi kuwa ƙoƙarin ceton yaron yake yi. An ajiye gaskiya a gaban idona, aka kuma juya hankalina wani gefe, kuma ban ji an cuce ni ba, domin da na koma shafin na tarar da ita a inda aka bar ta.

Tun daga nan na ɗauki al'adar karanta labaran bin diddigi da fensir a hannu. Ina rubuta sunayen waɗanda nake zargi a cikin bangon baya, ina soke su ɗaya bayan ɗaya, sa'annan kafin in shiga babi biyu na ƙarshe in tsayar da wanda nake ganin shi ne mai laifi tare da hujjata. Littafin Holly Jackson na 2019, A Good Girl's Guide to Murder, wanda wata ɗaliba take sake binciken kisan da aka rufe maganarsa shekara biyar a matsayin aikin makaranta, ya dace da irin wannan karatu, domin an zuba hirarrakin da ta yi da bayanan da ta tara a cikin shafukan, mai karatu yana ganin duk abin da take gani. Littafin da ya ɓoye mai laifi har sai shafi goma na ƙarshe, sa'annan ya fito da wani baƙo da ba a taɓa ambata ba, ba na sake sayen na marubucinsa.

Akwai kuma dabarar ƙarshen babi. The Hunger Games na 2008, inda gundumomi goma sha biyu suke ba da yaro da yarinya kowace shekara domin gasar kisa, kusan kowane babinsa yana ƙarewa ne a daidai inda sabon haɗari ya kunno kai. Wanda ya ce bari ya kai ƙarshen babi ya kwanta, sai kiran sallar asuba ya riske shi. Ni a tsakiyar babi nake ajiye alama, wurin da ƙura ta lafa. Ƙamus ma na daina buɗe shi a kan kowace kalma, sai wadda ta maimaitu har ta tare mini hanya, domin Turancin waɗannan littattafai ba mai tsauri ba ne.

Mai sayen gwanjo ya kamata ya duba ko littafin na nawa ne a jerinsa, domin sau da yawa na biyu da na uku ne suke yawo a kasuwa, na farko ya ɓace. Haka kuma rubuta cewa na matasa ne a bango ba ya nufin ya dace da kowane yaro. A cikin wasu akwai zubar da jini mai yawa, da soyayyar da ta saɓa wa tarbiyyar gidajenmu, da shaye-shaye, kuma akwai iyayen da maganar sihiri kanta ba ta kwanta musu ba. Saboda haka duk littafin da 'ya'yan yayata suka nemi aro, sai na karanta shi tukuna, kuma idan sun dawo da shi nakan tambaye su a wane shafi suka fara zargin mai laifi, da abin da ya sa.